Kajijin Gindin Famfo

Da 'yan zaman makoki suka watse, aka naɗe tabarmin aro aka mayar wa masu su, sai matar direba ta rage daga ita sai ɗaki, sai kuma warin jinya. Mijinta ya daɗe a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Warin magani da na man shafawa da zufar mara lafiya sun kama katifa, sun kama labule, har cikin akwatin kayanta. Ta wanke abin da zai wanku, ta shanya abin da zai shanyu, duk a banza. Kuma ba magana ce da za ta iya yi da wani ba. Da wane bakin za ta ce ɗakin mijinta yana hana ta barci?

Wata rana da hantsi sai Iya mai wanki, wadda ɗakinta yake can ƙarshen tsakar gida, ta yi sallama ta ɗaga labule. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana buɗe hanci kamar yadda take yi wa kayan mutane, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu 'yan saiwoyi baƙaƙe masu ƙulle-ƙulle, ɗaure a tsumma. Ta cusa ɗauri ɗaya ƙarƙashin katifa, ta jefa ɗaya cikin akwati.

"Kajiji ne. Kada ki jiƙa shi, kada ki daka. Ki bar shi ya yi aikinsa."

Matar direba ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

"Na san ba gudun mijinki kike ba, 'yar nan," in ji Iya. "Amma mai rai sai ya yi barci."

Ta saki labule ta koma bakin bahonta. Kafin mako ya zagayo ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi mai sanyi, kamar na ƙasa idan an yi yayyafi an ɗauke. Daga nan ne matar direba, wadda ba mai yawan magana ba ce, kallo ne nata, ta fara lura da tsohuwar.

Gidan haya ne irin na kowa. Ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya, igiyar shanya uku da kullum ake faɗa a kansu, da famfo ɗaya a jikin bangon baya. Iya, Allah ya jiƙanta, gajera ce mai faɗi, tana tafiya tana karkata gefe guda saboda ɗaukar baho. Hannunta kuwa sabulu ya gama da shi. Tsakanin yatsunta duk ya tsage ya yi fari, farcenta ya cinye, idan ta miƙo maka abu sai ka ji kamar an goga maka buhu. Ta fara wanki tun tana da goyo, lokacin da buhu ya danne mijinta a wajen lodin kaya ya kwantar da shi har ƙarshen ransa. Da baho ɗaya ta ciyar da gida. Cikin 'ya'yan da ta haifa biyu suka tsaya: mace tana aure can nesa, sai autanta, wanda ya koyi gyaran famfo, kuma har ya yi gemu ba ta kiransa da komai sai Auta.

Ta san gidajen unguwa ta kayansu. Ta san gidan da maigida ya daina kwana, ta san amaryar da ta samu ciki tun kafin uwar mijin ta sani, ta san yaron da har yanzu yake jiƙa shimfiɗa. Amma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba. Idan mai ɗinki, wadda ɗakinta yake kusa da ƙofar gida kuma bakinta ba ya hutawa kamar kekenta, ta matsa mata da tambaya, sai Iya ta ce, "Ni datti aka ba ni in fitar, ba a ce in shanya shi ba."

Da aka buɗe shagon wankin inji a bakin titi, masu kawo mata kaya suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage, ƙamshi ne ya riƙe su. Idan Iya ta gama guga ba ta miƙa kaya nan take. Sai ta jera su cikin wani tsohon akwatin katako da saiwar kajiji a kowace kusurwa, su kwana, sannan ta kai. Akwai wani malamin makaranta da ya ce matarsa ta gwada turaruka kala-kala ba ta samo wannan ƙamshin ba. Iya ta ce ai ba za ta samo ba, don ba a kwalba yake ba, a taɓo yake.

Kajijin nata yana nan gindin famfo. A bakin wani rafi ta samo shi tun tana yarinya, inda suke zuwa wanki kafin a cike wurin a gina shaguna. Duk gidan da ta koma, kuma ta yi ƙaura ba kaɗan ba, sai ta tono guntu da taɓonsa ta sa a bokiti, ta riƙe a cinya cikin motar kaya. Wani gidan ya kama, wani gidan ya ƙi sai da ta yi ta jidon ruwa. Da ta zo duba ɗaki a wannan gidan, ba ta kalli rufi ba, ba ta kalli taga ba. Ta ga famfo yana ɗiga ta ƙasan mahaɗa, ɗis, ɗis, a kan wata 'yar ƙasa da siminti bai kai ba, tsakanin famfon da bango. Nan take ta ce ta kama ɗakin.

Ba wani abin kallo ba ne. Karare ne kore shar, zagayayyu, babu ganyen kirki, tsayinsu ya kai ƙugun mutum. Idan ka ja ɗaya tsakanin yatsu sai ka ji gaɓa-gaɓa a ciki. Baƙo zai ce ciyawa ce aka yi kasalar cirewa. Arzikin yana ƙasa. Bayan damina Iya takan tsuguna da tsohuwar wuƙa ta tono gefe guda, ta bar uwar, ta wanke saiwar da ruwa zalla, ta baza a kan buhu ƙarƙashin gado. Ba ta shanya ta a rana, ta ce rana ɓarauniyar ƙamshi ce.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba: ruwan sabulu. Ga kajiji nan dab da inda take wanki, amma duk bahon da ta gama da shi sai ta ɗauke shi, ta ratsa tsakar gida kaf, ta fita ƙofa ta zubar a kwata. Tun safe har la'asar haka take wannan zirga-zirga, tana nishi, tana karkata.

"Iya, ciyawa ce fa, ba jikarki ba ce," mai ɗinki takan ce daga kan kekenta.

"Jikar tawa kin taɓa ganin na ba ta ruwan sabulu?"

"To ki sa mata suna mana, mu zo mu ci shinkafa."

"Ke dai ki gyara wuyan rigar mutane da kika karkace. Ni nake guge ta, na gani."

Ɗigar famfon nan ta dami kowa ban da ita. Mai gidan haya duk zuwansa sai ya danna bango da yatsa ya ce laima tana ci masa gini. Mai ɗinki ta ce sauron gidan nan daga nan ake haifarsu. Amma wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Auta. Yakan zo gaishe ta ƙarshen mako da jakar sifanunsa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa yana kan famfo.

"Iya, kin san abin da abokan aikina suke ce min? Wai na gyara na gari kaf, na uwata yana kuka."

"Ba kuka yake ba, aiki yake."

"Roba ɗaya ce fa ta cinye. Kafin ki ɗauraye rigar nan na gama."

"Taɓa shi ka gani, Auta, in ban rataye ka a igiyar nan da gemunka ba."

Sai ya yi dariya ya ajiye mata burodi da ganyen shayi, ya tafi yana waiwayen famfo kamar wanda ya bar ɗansa a hannun maƙiya.

Ana tsakiyar zafi abin ya faru. Iya ta ɗauko baho cike da ruwan sabulu za ta kai kwata, ƙafarta ta harɗe a dokin ƙofar gida, ta faɗi da bahon. Matar direba ce ta fara isa gare ta. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi, kumfa ta jiƙa mata zani. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki, kuma za ta daɗe.

Auta ya yi ta sintiri tsakanin gadon uwarsa da ɗakin magani. Likitoci suna shiga suna fita, ba abin da aka bar masa sai riƙon leda. Mutum ne da ya saba idan abu ya lalace ya buɗe jaka, ga shi an tsayar da shi hannu biyu a sake. Ranar da ya zo ɗaukar mata zannuwa, mai ɗinki ta tare shi da jaje, ta ƙara da cewa ita dama ta sha faɗa, santsin famfon nan sai ya kashe wani. Ya tsaya ya kalli gansakukar da ta kwanta a gefen siminti, ya sauke jakarsa.

Matar direba tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Ta ɗago.

"Auta, Iya ta sani?"

"Idan ta dawo ta gani, Yaya."

"Ai ba a nan ta faɗi ba. A ƙofar gida ne, ni na ɗaga ta."

"Yau ƙofar gida, gobe nan. Ba zan zauna in jira ba."

Ya riga ya rufe ruwa ya sa sifana. Bai tsaya a roba ba. Ya cire tsohuwar mahaɗar gaba ɗaya ya sa sabuwa, ya naɗe ta da farin zare, ya ɗaure tam, ya kankare gansakuka, ya goge kan famfon da gefen rigarsa har yana ƙyalli. Aiki ne mai kyau, ba mai cewa ba haka ba. Da ya miƙe, a karon farko tun faɗuwar uwarsa matar direba ta ga kafaɗunsa sun sauko. Sai ta mayar da kanta kan shinkafarta, don ba ta san yadda ake ƙwace wa mutum wannan ba.

Shirun ne ya fara damunta. Shekara da shekaru kunnenta ya saba da ɗis, ɗis, har ba ta jinsa, sai da ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki taɓon ya yi fari a sama, ya fara tsagewa. Kan kararen ya yi ruwan ɗorawa. Ta shiga zuba wa kajijin ruwa da safe kafin ta tafi sharar makaranta, da yamma in ta dawo, amma ƙasar takan shanye bokiti guda kamar ba a zuba ba, kafin azahar ta bushe ƙayau. Shi ba ambaliya yake so ba, so yake ƙafarsa ta zauna a jiƙe kullum.

Mutanen gida kuma da suka ga yana mutuwa sai tausayin Iya ya kama su, kowa ya tashi taimako. Wata mai wanke-wanke ta juye masa ruwan kwanuka da maiƙonsa. Mai ɗinki, wadda bakinta ne kawai mugu, ta yi wankin fararen yadi da maganin fitar da tabo, ta kwashi ruwan baho guda ta sheƙa masa, tana cewa, "Sha, ɗan gatan Iya, kada a ce mun bar ka da ƙishi." Matar direba ta dawo ta tarar da kumfa tana tsatstsafowa daga tsagar ƙasa. Ta bi ɗaki-ɗaki tana roƙo a daina, amma an riga an yi. Kararen suka kwanta ɗaya bisa ɗaya kamar tsintsiyar da aka kwance.

Mai gidan haya ya zo ya ga bango ya bushe, ya ji daɗi, ya sa aka shafa fenti. Ya ce duk wanda ya sake taɓa famfon nan ya nemi wani gida.

Iya ta dawo a rame, da sanda, Auta yana riƙe da gwiwar hannunta. Ana ta yi mata sannu da zuwa, ita kuwa ta tsaya a tsakiyar gida ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa.

"Wa ya kashe min famfo?"

Keken mai ɗinki ya tsaya.

"Iya, gyara shi na yi," in ji Auta. "Don kada ki sake…"

"Kai ni."

Ya kai ta. Aka kawo mata kujera 'yar tsuguno, ta kasa sauka kanta, sai aka ɗauko ta roba mai hannu. Ta zauna ta daɗe tana kallon busassun kararen. Matar direba ta zaci za ta yi faɗa, har ta so ta yi, don faɗan Iya alamar lafiya ce. Ba ta yi ba.

"Bari in sassauta shi," Auta ya ce, ya riga ya buɗe jaka. "Yanzu zai ci gaba da ɗiga."

Ya sa sifana ya juya kaɗan, shiru. Ya ƙara, ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa masa fuska da sabon fenti. Ya mayar, ya sake gwadawa. Sabuwar mahaɗa ba ta san ɗis-ɗis ba, ko ta rufe ko ta feso. Mai ɗinki ta leƙo ta tuna masa maganar mai gida. Ya ɗaure ya zauna a ƙasa, ruwa yana bin gemunsa.

"Iya, ni gyara aka koya min. Ban iya ɓatawa ba."

"Na sani," ta ce. "Ni na biya aka koya maka. Tashi, wandonka yana jiƙewa."

Ta sa matar direba ta ɗauko tsohuwar wuƙar ta tona mata. Duk saiwar da aka miƙo sai ta matsa da babban yatsa, ta kai hanci. Wasu sun bushe sun zama fanko, wasu sun ruɓe suna warin sabulu. Ta yi ta jefarwa gefe. Sai can jikin bango, inda inuwa take daɗewa kuma ruwan mai ɗinki bai kai sosai ba, wuƙa ta taɓo wasu masu tauri, da ɗan farin tsiro kamar haƙorin jariri.

"Tsaya. Mayar da ƙasar. A hankali."

Wanki dai ya ƙare wa Iya, likita ya faɗa, jikinta ma ya faɗa. Ba ta iya ɗaga buta cike, balle baho. Ta yi 'yan makonni a ɗakinta, matar direba tana kai mata abinci tana taimaka mata zuwa banɗaki, masu kaya suna zuwa suna komawa da ƙullinsu. Malamin makarantar nan ya zo har sau biyu, na biyun gaisuwa kawai. Auta ya ce ba zai yiwu ta zauna ita kaɗai ba, ya gyara mata ɗaki a gidansa. A bene yake zaune, ko'ina tayil, ƙasa sai dai ka hango ta ta taga. Iya ba ta yi musu ba, wannan ma ya ba matar direba tsoro.

Ranar tafiya kayan ba su cika bayan mota ba. Ta raba bahunanta, ta ba mai ɗinki dutsen guga tana cewa ko Allah zai sa wuyan riga ya miƙe. Mai ɗinki ta karɓa tana share hanci da gefen mayafi. Auta ya zo da sabon bokiti.

"Iya, in tono miki shi? Zan ajiye a baranda. Har ɗan bututu zan ja masa, ya riƙa ɗiga yadda kike so. Wallahi zan koya."

Ta dube shi, ta dubi bokitin.

"Da ƙarfinsa nake ɗaukarsa, Auta, kuma duk da haka sai ya yi shekara yana fushi. Yanzu in ka tumɓuke shi ba zai kai titi ba. Ya gaji da ƙaura. Kai kayan mota, ina zuwa."

Da ya fita sai ta yafito matar direba. Ta dafa kafaɗarta suka taka a hankali har gindin famfo. Tsiron nan ya ɗan leƙo, kore, bai kai tsawon yatsa ba, guda nawa ne ma. Iya ta tsaya tana mayar da numfashi. Daga waje direban motar yana ta danna oda.

"'Yar nan, kwanciyar nan da na yi ba barci nake ba, ina kallon gidan nan ta ƙofa. Kowa ruwansa da sabulu ko maiƙo. Ke kaɗai ce kike taɓa ruwa zalla tun asuba har dare, kuma ba kya fashi. Amma a bakin ƙofarki kike alwala, ruwan yana bin siminti yana tafiya a banza."

Iya ta nuna tsiron da sandarta.

"Ban ce ki yi ɓarna ba, na san ki da tsoron Allah. Yadda kika saba ɗin nan ya isa, shi dama kaɗan-kaɗan yake so, a kai a kai. Ki dai ɗauko butarki ki riƙa yi a nan. Kuma ki tsuguna ta wajen bango, nan masu ran suke."